Ƙashin Bayan da Ya Ƙi Tsayawa: Nazarin Wani Aikin Ƙera Furotin da Rosetta

Asalin aikin

Wani ɗakin bincike na jami'a ya ɗora wa wata ɗalibar digiri na uku aikin ƙera ƙaramin furotin da zai manne wa wani furotin na saman ƙwayar halitta, ya toshe gurbin da abokin hulɗarsa na asali yake zama. Furotin ɗin da ake hari yana da tsari biyu a rumbun PDB, inda ake adana tsare-tsaren furotin, duka na kristal: ɗaya shi kaɗai, ɗaya riƙe da abokin hulɗar tasa. Wurin da ake son kamawa wani kwari ne mai gudun ruwa, faɗinsa daidai kwanciyar murɗaɗɗen sashe guda (guntun sarƙar furotin da ya murɗe), kuma a gefensa akwai lanƙwasa mai amino asid (tubalan ginin furotin) bakwai. Da aka ɗora tsarin biyu a kan juna, ko'ina ya dace cikin angistirom 0.4 (angistirom, wato Å, kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita), ban da wannan lanƙwasa, wadda tsakiyarta ta kauce da kusan angistirom 1.5.

Mariƙin da za a ƙera, wato ƙaramin furotin ɗin, yana da amino asid 62, murɗaɗɗun sassa uku a ɗaure wuri guda. An riga an zaunar da shi a kan kwarin ta fuskoki daban-daban, an tace, zama 200 suka rage. Abin da ya saura shi ne zaɓen amino asid ɗin da za su zauna a mahaɗa, wato fuskar da furotin biyun suke taɓa juna.

Kowane furotin yana da ƙashin baya: jerin atam huɗu, N da Cα da C da O, da suke maimaituwa daga farkon sarƙa zuwa ƙarshenta. Kusurwoyi uku ne suke juya shi, φ da ψ da ω. Daga kowane Cα reshe yake fitowa, kuma reshen ne yake bambanta wannan amino asid da wancan. Manhajar Rosetta, wadda ta samo asali a ɗakin binciken David Baker a Jami'ar Washington da ke Seattle, tana da injina biyu da suke wannan aiki. Na farko mai jera rassa ne: yana gwada amino asid iri-iri a kowane gurbi, kowanne da 'yan siffofin da aka san reshensa yana ɗauka, waɗanda ake kira rotama. Na biyu mai sassautawa ne: yana ɗan juya kusurwoyi a hankali har makin kuzari ya sauka, domin a Rosetta iya saukar maki iya kyawun tsari. Dukan matsalar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan tambaya ɗaya: wane sashe na ƙashin baya za a bar mai sassautawa ya taɓa, kuma har zuwa ina.

Mako na 1 da na 2: an kulle komai

Ɗalibar ta fara da hanyar da ta fi sauƙi. Ta bar ƙashin bayan furotin biyun yadda yake, ta zaɓi duk gurbin da ke cikin Å 8 daga ɗaya furotin ɗin, ta bar mai jera rassa ya canza amino asid na mariƙi, na abin hari kuma ya juya rassansu kawai. Ta yi amfani da ma'aunin maki na ref2015, ta ƙara yawan rotama da -ex1 da -ex2.

Sakamakon bai yi armashi ba. Mahaɗar ta cika da alanin da serin da balin, manyan rassa masu zobe irin su fenilalanin da tiriftofan ba su cika fitowa ba, kuma akwai ramuka a tsakiya. Ma'aunin dacewar fuska, wanda Lawrence da Colman suka fito da shi a 1993, ya tsaya wajen 0.55, alhali ana neman ya haura 0.65.

Gurbi na 24, a tsakiyar murɗaɗɗen sashe na biyu, shi ya fi nuna abin da ke faruwa. Yana fuskantar ƙasan kwarin kai tsaye, kuma duk wanda ya kalli hoton zai ce fenilalanin ne ya kamata ya zauna a nan. Da aka dasa shi da hannu, sai aka ga bakin zoben yana Å 3.2 daga wani kabon na liyusin ɗin abin hari. Kabon biyu irin waɗannan sun fi son tazarar Å 3.8 zuwa 4. Makin tunkuɗa, wato fa_rep, yana tashi da tsananin sauri idan atam biyu suka matso fiye da kima, don haka wannan ɗan gibi na rabin angistirom ya isa ya sa manhajar ta yar da fenilalanin ta ɗauki balin, ta bar rami a ƙasansa. Da ƙashin bayan zai ja baya da Å 0.4, da zoben ya zauna daram.

An kuma gano wani abu a wannan makon. An shigar da tsarin kristal ɗin ɗanye, ba a fara sassauta shi ba. Tsarin kristal kusan kullum yana ɗauke da 'yan ƙananan karo da rassan da ba su zauna daidai kan rotama ba, waɗanda a idon Rosetta manyan laifuka ne. Aka gyara wannan ta hanyar da Nivón da abokan aikinsa suka bayyana a 2013: a gudanar da relax, wato sassautawa, tare da constrain_relax_to_start_coords da coord_constrain_sidechains, a kashe ramp_constraints. Tsarin ya sami maki mai kyau, bai kuma kauce daga na kristal da ko rabin angistirom ba. Wannan gyara ya tsaya har ƙarshen aikin, amma bai cike ramukan ba.

Mako na 3: an saki komai

Daga nan ta koma FastDesign, wanda yake jera rassa ya sassauta, ya sake jerawa ya sake sassautawa. Ta sa umarnin hana taɓa rassan abin hari da ke nesa da mahaɗa, da umarnin hana canza amino asid ɗinsa na kusa. A fahimtarta wannan ya kulle abin harin. Ba ta rubuta MoveMap ba, wato jerin abubuwan da aka yarda mai sassautawa ya motsa.

Lambobin suka yi kyau nan take. Makin ɗauri, wato bambancin kuzari tsakanin furotin biyun a haɗe da a rabe, ya sauko daga wajen −20 zuwa ƙasa da −50. Dacewar fuska ta haura 0.7. Ramukan suka ɓace.

Sai aka ɗora sababbin tsare-tsaren a kan na kristal. Lanƙwasar nan mai amino asid bakwai ta tashi daga inda take, ta rungumi mariƙin, ta yi tafiyar da ta kai Å 2.5 zuwa wani matsayi da babu shi a ko ɗaya daga cikin kristal biyun. Wani murɗaɗɗen sashe na abin hari, wanda bai taɓa motsi tsakanin tsarin biyu ba, ya matso da kusan Å 1. A ɓangaren mariƙi kuma, tazarar da ke tsakanin murɗaɗɗun sassansa ta ragu daga wajen Å 10 zuwa wajen Å 8, kuma a wasu ƙirar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amino asid ɗinsa alanin ne.

Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, umarnin da ta rubuta mai jera rassa kaɗai yake jin su. Mai sassautawa ba ya kallonsu ko kaɗan. MoveMap yake bi, kuma idan ba a ba shi ba, FastDesign da FastRelax, wanda aka gina FastDesign a kansa, suna sakin ƙashin baya da rassa da tsallen da ke tsakanin sarƙoƙi (wato zaman sarƙa ɗaya dangane da ɗayar) gaba ɗaya. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sababbin shiga, domin fayil ɗin yana gudana lafiya lau, babu wani gargaɗi.

Na biyu yana cikin yadda FastRelax yake aiki. A tsohon tsarinsa, kowane zagaye yana da matakai huɗu, inda ake ninka nauyin tunkuɗa da 0.02, sannan 0.25, sannan 0.55, sannan 1. Nauyin fa_rep a ref2015 shi ne 0.55, ke nan a matakin farko abin da ya rage 0.011 ne kawai. A wannan lokacin atam suna jan juna, babu abin da yake ture su, sai ƙashin baya ya ruguzo ciki. Idan sassautawa kawai ake yi, rassan suna nan, suna sake tura shi waje da zarar nauyin ya dawo. Amma idan ana ƙira ne, mai jera rassa yana zuwa ya tarar da wuri ya ƙuntata, sai ya cire liyusin ya sa alanin. Daga nan babu abin da zai mayar da ƙashin bayan inda yake. Zagaye na gaba ya ƙara matsewa, alanin ya ƙaru. Maguire da abokan aikinsa, daga ɗakunan Brian Kuhlman da David Baker, sun bayyana wannan a 2021, suka kuma fito da sababbin rubutun matakai da suke fara tunkuɗa da nauyi mafi girma, daga cikinsu akwai InterfaceDesign2019.

An ba AlphaFold2, manhajar da ke hasashen siffar furotin daga jerinsa, jerin amino asid na ƙira 50 mafi maki, ta hanyar da ake fara nuna masa tsarin da aka ƙera a matsayin hasashen farko. Ma'aunin da Bennett da abokan aikinsa suka ba da shawara a 2023 shi ne pae_interaction, wato yawan shakkar da manhajar ke da ita kan zaman furotin biyun, ya kasance ƙasa da 10. Kusan dukansu sun faɗi.

Mako na 4: gwaji da abin da aka san amsarsa

Kafin a ci gaba, shugaban ɗakin ya sa a gwada hanyoyin biyu a kan haɗin da aka san gaskiyarsa: furotin biyu masu suna barnase da barstar, tsari mai lamba 1BRS a PDB. Barnase yana da amino asid 110, barstar 89, kuma ɗaurinsu yana cikin mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, wajen mola 10⁻¹⁴ (iya ƙanƙantar lambar iya ƙarfin ɗaurin). An san gurabun da suke riƙe da shi: Asp39 na barstar, wato asfatet a gurbi na 39, yana shiga tsakanin Arg83 da Arg87 (arjinin) da His102 (histidin) na barnase, Asp35 kuma yana kama Arg59.

Aka bar manhajar ta sake ƙera fuskar barstar. Da ƙashin baya a kulle, yawancin amino asid na asali sun dawo, wanda ba abin mamaki ba ne, tun da ƙashin bayan nasu ne, an yanka shi daidai jikinsu. Da aka saki komai, makin ɗauri ya fi na furotin ɗin asali kyau, amma asfatet biyun sun ɓace a ƙira da dama, an maye gurbinsu da rassa masu gudun ruwa, lanƙwasoshin barnase kuma sun matso sun rufe wurin.

Daga wannan mako aka kafa doka a ɗakin: ba a karanta makin ɗauri sai an fara karanta nisan da ƙashin baya ya yi daga inda ya fara, na abin hari daban, na mariƙi daban.

Mako na 5: turken da bai riƙe ba

Mataki na gaba shi ne a ɗaure kowane Cα da matsayinsa na farko. Abin kamar turke ne da igiya: dabba tana iya zagayawa, amma iyakar tsawon igiyarta. A Rosetta ana lissafa tarar ne da nisan da atam ya yi, a raba da wata lamba da ake kira sd, a ninka sakamakon da kansa. Idan sd Å 0.5 ne, motsin rabin angistirom yana cin maki 1, motsin angistirom ɗaya yana cin 4, na biyu yana cin 16. Idan sd Å 1 ne, motsin angistirom ɗaya maki 1 kawai yake ci.

Ta ƙara CoordinateConstraintGenerator, mai dasa turakun, da sd 0.5, ta gudanar. Babu abin da ya canza. Da aka buɗe fayil ɗin maki, ba a ga ginshiƙin coordinate_constraint ba sam. A ref2015 nauyin wannan ma'auni sifili ne. An dasa turakun, amma ba a kirga su. Sai an yi amfani da ref2015_cst, ko a ɗaga nauyin da hannu zuwa 1.

Da aka gyara wannan, motsin ya ragu kaɗan, bai tsaya ba. Fayil ɗin da ta gada daga wani tsohon aiki yana da ramp_down_constraints a kunne. Da shi, nauyin turakun yana bin matakan nan huɗu yana sauka: cikakke, rabi, sifili, sifili. Ke nan a matakai biyu na ƙarshe na kowane zagaye, lokacin da tunkuɗa take dawowa da ƙarfinta tana ture abubuwa, babu igiya ko ɗaya. Aka kashe shi.

Sai matsala ta uku ta ɓullo: makin ɗauri ya koma wasu lambobi marasa kan gado, miliyoyi ƙasa da sifili. Matatar Ddg, wadda take lissafa makin ɗauri, tana auna kuzari a haɗe, sannan ta ja sarƙa ɗaya can nesa ta sake aunawa. Turakun suna nan a inda aka kafa su, don haka duk atam na sarƙar da aka ja ya ci tara mai girman gaske. Maganin shi ne a cire turakun da ClearConstraintsMover kafin aunawa, kuma a auna da ref2015 tsantsa.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da aka gyara a hanya. An ƙara VirtualRoot a farkon fayil, domin turakun suna bukatar wani tushe da ba ya motsi, in ba haka ba amino asid na farko ne yake zama tushen. An kuma taƙaita turakun ga ƙashin baya kaɗai, domin turken da aka ɗaura wa atam ɗin reshe ba shi da ma'ana da zarar an canza amino asid ɗin.

A ƙarshen makon ƙashin bayan ya natsu: abin hari cikin Å 0.3, mariƙi cikin Å 0.5. Fenilalanin ya fara fitowa a gurbi na 24. Amma murɗaɗɗen sashe na uku na mariƙi yana ta cin tara fiye da sauran biyun, kuma mai sassautawa yana tsayawa da wuri, kafin ya gama aikinsa.

Mako na 6: bishiyar naɗi

Rosetta ba ta riƙe atam da matsayinsu a sarari lokacin sassauta kusurwoyi. Tana gina su ne ɗaya daga ɗaya, bisa wata taswira da ake kira FoldTree. Idan ba a ce komai ba, taswirar tana farawa daga amino asid na farko na kowace sarƙa ta bi har ƙarshe, tsallen da ya haɗa sarƙoƙin kuma yana sauka a farkon ta biyu. Saboda haka idan aka juya φ a gurbi na 5, duk abin da ke bayansa har gurbi na 62 yana lilo tare da shi.

Lissafin a fili yake. Juyin digiri ɗaya a nisan Å 30 daga wurin juyin yana kawo motsin Å 0.52. Gyaran digiri biyu da zai warware ɗan karo a sashe na farko yana iya jefa ƙarshen sashe na uku fiye da angistirom ɗaya, ko dai cikin jikin abin hari ko waje da shi. Mai sassautawa yana ganin wannan tara, sai ya ƙi yin gyaran da ake bukata.

An gwada hanyoyi biyu. Ta farko ita ce sassautawa ta Kartesiya, inda kowane atam yake motsi da kansa ba tare da ya ja na bayansa ba. Wannan yana bukatar ref2015_cart, wanda yake kunna cart_bonded don tsare tsawon haɗi da kusurwoyinsa, ya kashe pro_close. Ta yi aiki, lilon ya ɓace, amma kowace ƙira ta ɗauki lokaci mai yawa fiye da da, kuma injinan ɗakin ba za su iya ɗaukar dubban ƙira a haka ba. Ta biyu ita ce a sake zana bishiyar: tsallen ya tashi daga wani amino asid a ƙasan kwarin abin hari ya sauka a gurbi na 24, daga nan sarƙar ta ginu ta ɓangarori biyu, ɗaya zuwa farko ɗaya zuwa ƙarshe. Yanzu tsakiyar mahaɗa ce wurin da ya fi kowane tsayuwa, lilon da ya rage kuma yana ƙarewa ne a bakin sarƙa, nesa da inda ake aiki. Aka ɗauki ta biyu don yawan aikin, aka ajiye ta farko don zagayen ƙarshe na 'yan ƙirar da suka tsira.

Mako na 7 da na 8: kowane sashe da iyakarsa

Saura lanƙwasar. Kulle ta a matsayi ɗaya zai zama watsi da abin da kristal biyun suka nuna, cewa tana motsi. Sakin ta kuma an ga inda ya kai. Aka yanke shawarar kada a bar ta ta motsa lokacin ƙira ko kaɗan. A shirya mata matsayai tun kafin mariƙi ya zo, sannan a ƙera a kan kowanne.

Don wannan aka yi amfani da Backrub. Asalinsa wani motsi ne da ɗakin Jane da David Richardson a Jami'ar Duke ya bayyana a 2006, bayan sun duba tsare-tsaren kristal masu tsananin kaifi inda ake ganin amino asid ɗaya a matsayi biyu: ɗan guntun ƙashin baya yana juyawa a kan layin da ya haɗa Cα biyu, reshen da ke tsakiya ya karkata, duk abin da ke wajen guntun bai motsa ba. Colin Smith da Tanja Kortemme suka shigar da shi Rosetta a 2008, da gunta har zuwa amino asid 12. Amfaninsa a nan shi ne ba ya jan komai a bayansa, kuma irin motsin da yake yi an gan shi a furotin na gaske.

An gudanar da shi a kan lanƙwasar da gurbi biyu-biyu na gefenta, daga kowane tsarin kristal, gwaji 10,000 a zafin 0.6, kuma babu mariƙi a wurin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙin abin: lanƙwasar da ba ta ga mariƙi ba ba za ta karkata don ta faranta masa ba. Aka zubar da duk wanda makinsa ya fi na tsarin farko muni sosai, aka tara sauran bisa kamanni, aka ɗauki wakilai biyar daga kowane kristal. Da na asali biyun, matsayai 12 ke nan.

Tsarin ƙarshe ya kasance haka. Ƙashin bayan abin hari a kulle yake gaba ɗaya a MoveMap. Rassansa na mahaɗa suna juyawa, na nesa ba a taɓa su ta kowane inji. Tsallen a sake yake, domin mariƙin ya iya gyara zamansa a dunƙule. Ƙashin bayan mariƙi a sake yake amma a ɗaure: sd 0.5 a murɗaɗɗun sassa, sd 1 a gajerun lanƙwasoshi biyu da suka haɗa su. Rubutun matakai InterfaceDesign2019, zagaye uku, turaku a kunne daga farko har ƙarshe. An kuma raba gurabun mariƙi zuwa ciki da tsaka-tsaki da waje, aka hana amino asid masu son ruwa shiga ciki, aka hana masu gudun ruwa yawaita a waje, aka hana furolin da gilaisin a tsakiyar murɗaɗɗun sassa.

Da farko turakun mariƙi sun yi karo da tsallen: an sake shi, amma igiyoyin suna mayar da shi. Don haka aka raba aikin gida biyu. Kafin a dasa turaku, ana yin zagaye ɗaya na jera rassa da sassauta tsallen kaɗai, ƙashin baya duka a kulle, har mariƙin ya sami mazauninsa. Daga wannan sabon matsayi ake dasa turakun, sannan FastDesign ya fara.

Mako na 9 zuwa na 16: tacewa da gwajin ɗaki

Makin ɗauri ya dawo tsakanin −30 da −40, bai kai na mako na uku ba. Dacewar fuska ta zauna tsakanin 0.65 da 0.7. Alanin ya koma daidai kima, tazarar murɗaɗɗun sassa ta tsaya wajen Å 10.

An ƙara wata matatar da ta yar da ƙira masu yawa. Ana cire mariƙin shi kaɗai, a sassauta shi ba turke ba abin hari, a auna nisan da ya yi. Wanda ya kauce fiye da Å 1 ana zubar da shi, domin hakan yana nuna igiyoyi ne suke riƙe da siffarsa, ba amino asid ɗinsa ba. Ana kuma duba ko manyan rassan mahaɗa sun zauna a rotamarsu bayan an raba su da abin hari. Sannan ana ɗora kowace ƙira a kan duka matsayai 12 na lanƙwasar. Wadda makinta ya dogara da matsayi ɗaya tak ana mayar da ita baya a jeri.

Waɗanda suka tsira aka yi musu zagaye ɗaya na sassautawar Kartesiya, aka kai su AlphaFold2. Wannan karon wani kaso mai kyau ya sauko ƙasa da 10, kuma tsarin da ya hasaso ya dace da wanda aka ƙera. Lokacin da aka sake gwada barnase da barstar da wannan tsari, Asp35 da Asp39 sun tsaya a yawancin ƙirar.

An sayi ƙwayoyin gado na ƙira 24, aka sa bakteriyar E. coli ta samar da furotin ɗin. Yawancinsu sun fito a narke, kuma a gwajin tace girma sun fito ɗai-ɗai, ba a dunƙule ba. 'Yan kaɗan sun nuna ɗauri a na'urar BLI mai auna ƙarfin ɗauri, mafi kyawunsu a ƙasa da maikromola ɗaya. Da aka canza fenilalanin na gurbi na 24 zuwa alanin a wannan mafi kyawun, ɗaurin ya ɓace. Da aka zuba abokin hulɗar abin hari na asali, ya yi gogayya da shi a kan wurin. Ba a kai ga yin kristal na haɗin ba a wannan zango.

Hukunci

Kullewar farko ta gaza ne saboda tana hukunta kuskuren da bai kai ya kawo ba. Zaman da aka samu daga matakin farko bai fi daidaiton rabin angistirom ba, ma'aunin tunkuɗa kuwa yana kirga kashi ɗaya cikin goma na angistirom. Sakin komai ya gaza ta wata hanya mafi haɗari, domin gazawarsa tana zuwa da lambobi masu daɗin gani. Kowace kusurwa da aka sake dama ce ga manhajar ta rage maki, kuma ma'aunin maki ba ya kirga cikakken kuɗin da furotin na gaske yake biya idan aka tilasta wa lanƙwasarsa barin inda ta saba. Makin −50 na mako na uku na wani abin hari ne da babu shi a jikin kowace halitta.

Abin da ya yi aiki shi ne bambanta furotin biyun. Mariƙi namu ne, jerinsa yana hannunmu, don haka idan ƙashin bayansa ya ɗan gusa ana iya zaɓar amino asid da za su riƙe shi a sabon wurin, kuma matatar sassauta shi shi kaɗai tana bincika ko hakan ya faru. Abin hari ba namu ba ne. Ba a canza masa ko amino asid ɗaya, saboda haka duk motsin da aka ba shi dole ya zo da shaida daga waje, irin ta kristal na biyu. A ganina ko wakilai goman nan na Backrub sun ɗan yi yawa, kuma na asali biyun su ya kamata a fi ba nauyi wajen jera ƙira.

Gwajin barnase da barstar ya kamata ya zo a makon farko. Kwana biyu yake ci, kuma da ya fallasa rashin MoveMap kafin a ɓata mako guda ana murna da makin ƙarya. Haka ma duba ginshiƙin coordinate_constraint a fayil ɗin maki: idan babu shi, ko yana nuna sifili a kowane layi, turakun ba sa aiki, komai kyawun rubutunsu.

Ba za a jingina nasarar gwajin ɗaki ga sarrafa ƙashin baya kaɗai ba, tun da tacewar AlphaFold2 da rabon gurabu sun shigo a lokaci guda, kuma ba a sayi ƙirar mako na uku don kwatantawa ba. Ɗakin yanzu ya koma zaɓen jeri da ProteinMPNN, wani tsarin koyon na'ura wanda aka horar da shi da ɗan hargitsi a matsayin atam, don haka gibin rabin angistirom irin na gurbi na 24 ba ya firgita shi. Amma tsakanin zagayensa ana sassautawa da FastRelax, kuma a can MoveMap ɗin nan da bishiyar naɗin da turakun mako na takwas ne suke aiki, ba a canza musu komai ba.